Dutse Ba Ya Ruɓewa, Takarda Kuwa Sai An Kula

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

 Yau daga Zuba muke gaishe ku, mararrabar da hanyar Kaduna da ta Lokoja da ta cikin birnin Abuja suka haɗu. Daga nan idan ka dubi wajen Madalla, ga Dutsen Zuma can tsaye, wanda hotonsa ke bayan takardar naira 100. To, zancenmu na yau na duwatsu ne, amma ƙanana masu tsada, irin su yakutu da zumurrudu, da ma'adinai irin su kuza da tama da kwalli. Za mu bi sawun tsofaffin littattafan da aka rubuta a kansu, mu ji yadda ake tsare su.

Wani zai ce, me ya haɗa mutumin Zuba da littafin duwatsu? Ai maƙwabciyarmu Nasarawa kirarinta gidan ma'adinai. Ana haƙo duwatsu masu launi a wajen Keffi da Nasarawa Eggon, da kudancin Kaduna, har tsaunin Mambila inda ake samun shuɗin yakutu. Matashi ya wuni a rami, ya fito da ɗan dutse a tafin hannu. Dillali ya zo da tocila da gilashin dubawa, ya juya dutsen sau biyu, ya yanka farashi. Abin da ya raba su sani ne kawai, kuma sanin nan an daɗe da rubuta shi.

(Ɗan kiɗa)

Mu fara da Abu Raihan Albiruni, wanda aka haifa a shekarar 973 a Kawarizimi, cikin ƙasar Uzbekistan ta yau. A ƙarshen rayuwarsa a birnin Gazna ya rubuta Aljamahir fi Ma'arifatil Jawahir. Albiruni bai yarda da ido kaɗai ba, don ido yana ruɗuwa da launi. Sai ya auna dutse a sikeli, ya jefa shi cikin wani ɗan tulu mai bututu da aka cika da ruwa, ya tari ruwan da ya zubo, shi ma ya auna shi. Da ya gwada nauyin biyu, sai ya san dutsen nan yakutu ne ko kwalba ce aka rina. Har gobe masu gwajin duwatsu suna aiki da wannan ƙa'ida. Da hannu aka yi ta kwafar littafin ƙarni bayan ƙarni, sai a 1936 aka buga shi a Haidarabad ta Indiya.

Bayansa akwai Ahmad Attifashi, mutumin Arewacin Afirka, wanda ya rasu a Alƙahira a 1253. Littafinsa, Azharul Afkar fi Jawahiril Ahjar, ya kawo duwatsu 25. Kowanne ya faɗi inda ake haƙo shi, da yadda ake gane mai kyau da mai aibi, da amfaninsa, da kuɗinsa a kasuwa. Turawa sun ga darajarsa, har aka buga shi da fassarar Italiyanci a birnin Fulorans a 1818. A Turai kuma, wani likita Bajamushe, Georgius Agricola, ya yi littafin haƙar ma'adinai da narka su, wanda ya fito a 1556. Wanda ya fassara shi zuwa Turanci a 1912, tare da matarsa, shi ne Herbert Hoover, injiniyan ma'adinai da ya zama shugaban Amurka daga baya.

Mu dawo gida. Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Riruwai a kudancin Kano suna wanke kuza a rafi, su narka ta, su zuba ta siri-siri, fatake su kai kasuwanni. Wannan sani a hannu da baki yake, daga uba zuwa ɗa. Da kamfanonin Turawa suka mamaye haƙar kuza, sana'ar ta mutu, yawancin sanin ya bi ta. Su kuwa Turawa da alƙalami suka zo. Daga 1904 zuwa 1909 sun yi binciken ma'adinan Arewa, kuma a 1911 J. D. Falconer ya fitar da littafinsa kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewacin Najeriya. A 1919 aka kafa hukumar binciken ƙarƙashin ƙasa, ta riƙa buga rahotanni da taswirori, na farkonsu a kan filayen kuzar Filato. Irin waɗannan tsofaffin bugu sun yi ƙaranci yanzu. Idan mahaifinka ya yi aikin kuza a Jos ko Bukuru, ko ya koyar da ilimin ƙasa, leƙa akwatinsa kafin a ba mai ƙosai takardun.

(Ɗan kiɗa)

Sai kuma rubutun malamanmu na zaure. A kundin malami za ka tarar da fa'idojin magani da ake haɗawa da kanwa, da kwalli, da farar wuta, da alif. Dubi irin wannan littafi da kyau. Warƙoƙi ne a sake, ba ɗinki, an haɗa su cikin tadarishi, an zura a gafaka. Sau da yawa ba lambar shafi, sai dai a ƙasan warƙa an rubuta kalmar da za ta buɗe ta gaba. Ɗaga warƙa ɗaya ka duba ta a hasken rana, wataƙila ka ga alamar jinjirin wata uku a cikin jikin takardar. Wannan takarda ce daga Italiya, wadda a da ayari ke kawowa Kano ta hanyar Tarabulus. Alamar kaɗai tana taimaka wa masana su kintaci shekarun littafi.

Abokan gaban wannan dukiya sanannu ne: gara, da ɓera, da kyankyaso, da yoyon ɗaki. A nan Zuba kuwa, inda damina ke kai mu daga Afrilu har Oktoba, babban mugu shi ne laima. Ku tuna da Timbuktu. A watan Janairun 2013 'yan bindiga suka cinna wa rubuce-rubuce wuta a cibiyar Ahmad Baba, aka yi asarar kimanin 4,000. Amma kafin nan wani mai adana littattafai, Abdulƙadir Haidara, da abokan aikinsa sun fara kwashe ɗaruruwan dubban rubuce-rubuce a akwatunan ƙarfe zuwa Bamako. Sun tsira daga wuta, sai laimar Bamako ta taso musu, har sai da aka nemo na'urorin busar da iska.

Akwai kuma ɓarnar da muke yi da hannunmu. Malami ya rasu, a zo rabon gado, a kasa littafi ɗaya kashi uku. Ƙarshenta kowa ya riƙe abin da ba ya karantuwa. Gara magada su daidaita a bar littattafan wuri guda, ko a yi waƙafi da su.

Ga shawarar masu adana takardu. Kada a ajiye littafi a ƙasa ko a jingine shi da bango. A ɗora shi a kanta inda iska ke ratsawa. Kada a ƙulle shi a leda, don tana tara gumi. Kada a liƙe yagewa da salatif, kada kuma a kai shi shagon da ake manna wa takarda roba da zafi, don ba ta sake ɓantaruwa. A naɗe shi da farin ƙyallen auduga mai tsabta. A wanke hannu a bushe kafin a taɓa, ban da lasar yatsa wajen buɗe shafi. Sannan a sa wani yaro mai waya ya ɗauki hoton kowace warƙa bi da bi, a inuwa mai haske, a ajiye hotunan wuri biyu.

Wanda kuma yake son masana su duba masa, motar Kaduna tana lodi a tashar Zuba kullum. A can akwai Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. A Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, a Jos kuma gidan tarihi yana da nasa tarin rubutun Larabci da ajami. Kafin ka bar littafinka a hannun kowa, ku yi yarjejeniya a rubuce: aro ne, ajiya ce, ko kyauta.

Jama'a, a nan za mu dasa aya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)