Ƙurar Hunturu Da Baburan Boɗinga Da Shagari

A hanyar Sakkwato zuwa Jega, wadda ta ratsa Boɗinga da Shagari, ƙaramin babur shi ne jakin malamin makaranta da ɗan kabu-kabu. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kowace lita sai da lissafi.

Babban abokin gabar babur a nan ƙurar hunturu ce. Idan ta toshe matatar iska, sai inji ya riƙa shan mai fiye da kima, filogi ya yi baƙi, babur ya ƙi tashi da safe. Maganin kuwa shi ne tsabtace matatar, da goge filogi, da juye baƙin mai a kan kari. Wanda ya yi sakaci, ƙarshenta sai an sauke masa inji.