Saƙar Tsakiya Da Waya: Inda Ake Yin Asara

'Yan'uwa, a kasuwar Race Course da ke Kumasi, inda aka mayar da 'yan kasuwa da yawa lokacin da aka fara sake gina Kejetia a 2015, muna ganin sarƙar wuya da awarwaro na tsakiya da aka saƙa da waya. Matanmu na Zango da dama suna son koyon sana'ar, amma jari kan narke tun a makon farko.

Ga yadda aikin yake. Ana fara zura tsakiyar duka a siririyar waya, mai kaurin kusan milimita 0.3, sannan a ɗauki kwarashi a riƙa saƙa, ana turo tsakiya ɗaya cikin kowane ɗauri. Waya ba zare ba ce. Duk inda aka lanƙwasa ta sau da yawa sai ta yi tauri ta karye, don haka in an yi kuskure ba a warwarewa a sake. Yankewa ake yi. Nan ne mai koyo ke asara.

Sai zaɓen tsakiya. Ta ƙasar Krobo da ta ƙauyen Dabaa kusa da Kumasi, da garin kwalba ake gasa ta, a sa tsinken rogo ya bar huda. Tana da kyau ƙwarai, amma nauyinta da kaushin hudarta kan ci siririyar waya. Ƙanana masu santsi sun fi dacewa.

Wayar jan ƙarfe kuma, in rufinta ya goge, takan bar kore a fata. Mu gaya wa mai saye tun kafin ta biya.