Daga Rufewa Zuwa Sito: Sauyin Ma'ajiyar Manomi a Ƙasar Hausa

In ana zancen ginin Hausa, hankalin yawancinmu yakan tafi birni ne, ga Gidan Makama na Kano ko tsohon Masallacin Juma'a na Zariya. To, amma ginin da ya riƙe ran talaka shi ne rumbu, kuma a kansa nake so mu tsaya.

Rumbun gargajiya iri biyu ne. Akwai na zana, wanda ba ya daɗewa, akwai kuma na ƙasa, wanda ake kira rufewa. Ita rufewa akan ɗora ta ne bisa duwatsu domin kada damshi ya taɓa gindinta, gara kuma in ta taso a gan ta. Bakinta yana sama, an kifa masa jinka. Abin lura a nan shi ne, ba tsaba ake zubawa ciki ba, damman gero da dawa ake jerawa da zangarniyarsu, kuma hatsin da ba a sussuke ba ya fi jimre wa ƙwari. Ba mai buɗe ta sai da izinin maigida, domin abincin gandu ne. Abin da ɗa ya noma a gayaunarsa, ƙaramin rumbunsa daban.

Me ya sauya wannan tsari? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, buhu da kwanon rufi suka kama hanyar ƙauye. Sannu a hankali gandu ya yi ta tsinkewa, 'yan'uwa na raba gona da tukunya, to wa zai cika babbar rufewa shi kaɗai? Daga baya injin sussuka ya zo, aka koma zuba tsaba a buhu, ana jibgewa a wani ɗaki na bulo da siminti da ake ce wa sito. Wasu ma tsohon ɗakin kwana suka yi wa kwaskwarima, suka sa masa ƙyauren ƙarfe da kwaɗo.

A ganina ba a kowane fanni aka ci riba ba. Sito ya fi tsare ɓarawo da gobara, wannan gaskiya ne. Amma kwano yana tara zafi, tsaba kuma sai da maganin ƙwari. Sa'an nan fitar da dami daga rufewa aiki ne na hawa da sauka da sussuka, alhali buhu, da ɗan kasuwa ya yi sallama a ƙofar gida, sai a ɗora masa a mota.