Injin ƙanƙarar da ya raba kan gidana

Na fi shekara ashirin ina sayar da albasar Galmi a Accra, tun muna Agbogbloshie har aka mayar da mu Adjen Kotoku a 2021. Ban taɓa sayen abin da ya tayar da gardama a gidana kamar firijin da na kawo ana saura mako biyu azumi ba. Mai ƙofa biyu ne, a ɓangaren firiza kuma akwai ɗan injin da ke yin ƙanƙara da kansa. Ni girmansa na gani na saya, sai a gida aka gano injin.

Autata ta fara tsalle: "Baba, a jona shi yau! Mun huta da aiken sayen ƙanƙara lokacin buɗa baki." Uwargida kuwa ta leƙa, ta auna wurin da tafin hannu, ta ce: "Alhaji, wannan abu ya cinye min wurin ƙullin zoɓo kusan talatin. In layya ta zo, ina zan sa nama?" Zoɓo da kunun ayan nan da take daskararwa tana sayarwa, su ne kuɗin cefane duk ranar da kasuwa ta yi mini nauyi, don haka maganarta ba ta wasa ba ce.

Na kira mai aikin famfo. Ya ce injin ba ya aiki sai an ja masa siririn tiyo daga bututun gida zuwa bayan firijin, kuma ruwan ya zo da ƙarfi. Muka duba littafin da ya zo da shi: mafi ƙarancin ƙarfin da yake so ya kai na tankin da aka ɗora a tsayin mita 14. Namu tankin a Nima bisa ɗan dakali yake, ko kaina bai wuce ba. Famfo kuwa yau ya kawo, gobe shiru. Ke nan sai na sayi injin tura ruwa, ga kuɗin wuta a kai. Sannan akwai matacin ruwa da ake sauyawa duk wata 6, wanda ba a kowane shago ake samunsa ba. In ba a sauya ba, duk lakar da ta kwanta a gindin tanki ita za mu sha a daskare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wuta. Wanda ya zauna Ghana a 2015 ya san dumsor, lokacin da ake ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. Yanzu da sauƙi, alhamdulillahi, amma ba a rabu ba. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ƙanƙarar cikin bokitin ta narke, ta dawo kuma ta dunƙule kamar dutse. Ƙullin leda kuwa ko ya narke yana cikin ledarsa.

Har na ce a kwance shi gaba ɗaya, sukurori ne 'yan kaɗan da waya guda. Sai na tuna garantin shekara ɗaya, kuma mai shagon ya riga ya gaya mini in aka taɓa cikinsa ba ruwansu. Haka kuma in wata rana na tashi komawa Tawa zan sayar da shi, mai saye zai fi so ya gan shi cikakke.

Abin da muka yi a ƙarshe: ba mu jona ba, ba mu kwance ba. Na kashe shi ta maɓallinsa, domin in aka bar shi a kunne babu ruwa, sai ya riƙa gurnani yana neman ruwan har bawul ɗinsa ya lalace. Bokitin dai zare shi ake yi, muka cire, Hajiya ta jera zoɓonta a gurbin. Auta ta yi fushin kwana biyu, sannan na sayo mata farantin roba mai gida-gida guda uku, tana cika su da ruwan leda bayan sahur. In garanti ya ƙare kafin azumin baɗi, uwargida ta ce da kanta za ta nemo sukundireba.