Bashin da Ba Shi da Takarda: Me Ke Hana Damben Ramuwa?

Duk wanda ya saba zama teburin mai shayi a Samarun Zariya, ko yake ratsa layin mahauta a kasuwar Sabon Gari da hantsi, ya san wata gardama da ba ta ƙarewa. Wani zai zaro waya ya nuna kisan damben da aka yi wata uku da suka wuce, a mayar da bidiyon baya har sau biyar. Wannan ya ce santsi ne ya kwashe wanda ya faɗi, wancan ya ce, "Haba malam, hannu ya shiga!" Daga nan sai a zo kan tambayar da ke cin kowa: yaushe za su sake sa zare? Sau da yawa ba sa sakewa, kuma hukuncin 'yan kallo ɗaya ne: wane ya ji tsoro.

Akwai tsoro, ban musa ba. Amma a ganina lissafi ya fi shi yawa a cikin lamarin.

A damben gargajiya turmi uku ake yi. Idan hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, in ba haka ba a tashi babu kisa, kowa ya koma da mutuncinsa. Shi kisa kuwa kadara ne. Ranar da matashi ya buge babban ɗan dambe, ranar kirarinsa ke ƙara tsawo, mai kalangu ya sami sabon abin faɗa, masu liƙi su ƙaru, mai gidan dambe ya fara kiran sa da kuɗin mota. Da wannan kisa guda zai ci abinci shekara ko fiye. Manyanmu har gobe suna ambaton Shago da Ɗandunawa, kuma kowa ya san bakin mawaƙi Ɗan'anace ne ya hana sunan Shago tsufa. To mutumin da ya riƙe irin wannan jari, me zai samu idan ya ba da ramuwa? In ya sake yin kisa a ce ai dama ya saba. In aka kashe shi a ce na farkon ma sa'a ce. Wanda ya faɗi shi ke da riba ta kowace fuska, shi ya sa shi ne kullum ke ɗaga murya a fili.

Sai kuma wani abu da baƙon dambe bai cika lura da shi ba: bashin kisa ba na mutum ɗaya ba ne. Ɓangarori uku ake da su, Kudu, da Arewa waɗanda ake kira Jamus, da Guramada. Sunayen 'yan damben ma suna faɗar haka: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane. Kowa yana da ubangida, kowa yana da tsatso. Idan ɗan Kudu ya kashe ɗan Arewa, ba dole ba ne wanda ya faɗi ya rama da hannunsa. Ɓangarensa na iya turo wani wanda salonsa ya fi dacewa, bahago misali, ya je ya karɓo bashin. A wurin ɓangare magana ta mutu. 'Yan kallo ne kawai za su ci gaba da jira. Haka nan babba idan yaro ya matsa masa da neman ramuwa, yakan ce, "Je ka gama da yarana tukuna." Kafin ya gama da su, wani daga ciki ya kwantar da shi.

Ga kuma yawo. Dambe tun asali wasan rundawa ne da ke bin garuruwa bayan kaka, kuma har yau ɗan dambe ba mazauni ba ne. Zariya zango ce a kan hanyar Kano zuwa Kaduna: a yi mako guda, a wuce. Kafin magoya baya su gama zuga, ɗaya yana filin Ado Bayero a Kano, ɗaya ya gangara Maraba ko Legas. Damina ta faɗi, wani ya tafi gona. Azumi ya kama, an rufe fili. Hannun da ya sha ɗaurin zare ya kumbura, ko haƙarƙari ya motsu. Ban da zancen da ba a yi a bainar jama'a, na malamin da ya duba ya ce wannan watan ba na fita ba ne.

Kada a ɗauka wannan halin namu ne kaɗai. A Oktoban 1974 Muhammad Ali ya buge George Foreman a Kinshasa. Foreman ya yi ta neman a sake, Ali ya tafi Manila ya kara da Joe Frazier a 1975, har Foreman ya jingine dambe a 1977 bai sami abin da yake nema ba. A Yunin 2003 Vitali Klitschko yana gaban Lennox Lewis a maki lokacin da likita ya tsayar da wasa bayan turmi na shida saboda tsagewar da ya samu a saman ido. Duniya ta nemi a sake. Lewis ya yi shiru na watanni, a Fabrairun 2004 ya ce ya yi ritaya da kambunsa. Wannan ba shi da bambanci da lissafin Shagon wane.

Abin da Turawa suka fi mu shi ne takarda. Masu gidajen kallo na Samaru ba za su manta da Yunin 2019 ba, lokacin da Andy Ruiz ya zubar da Anthony Joshua a New York. Wata shida kacal aka sake a Diriyah ta Saudiyya, Joshua ya karɓe kambunansa, domin tun kafin karon farko an rubuta sharaɗin ramuwa a yarjejeniya. Amma takardar ma takan ci tura. Tyson Fury ya doke Wladimir Klitschko a Nuwamban 2015 da irin wannan sharaɗi, aka sa rana sau biyu a 2016, Fury ya janye duka biyun, daga baya ya ajiye kambunan. Wani lokaci kuma sai an sa hannun hukuma: karo na uku tsakanin Dick Tiger da Gene Fullmer, wanda aka yi a filin Liberty na Ibadan a Agustan 1963, ya yiwu ne don gwamnatocin Nijeriya sun tsaya da kuɗi.

Kamfanonin da suka shigo damben gargajiya domin masu kallo ta intanet, irin su Dambe Warriors da African Warriors, sun kawo yarjejeniya da awon nauyi. Yarjejeniya za ta iya tilasta ramuwa, sikeli kuma ya buɗe sabuwar ƙofar zillewa, tunda mutum na iya ƙara ƙiba ya bar ajin abokin hamayyarsa. Ita kuwa waya ta ƙara wa kisa tsada. A da sai wanda ya je fili ke ba da labari, bayan shekara biyu a fara ja-in-ja kan wa ya faɗi. Yanzu yaron mai shayi ma yana da shi a aljihu, kuma wanda ya yi kisan ya san da haka duk ranar da mai gidan dambe ya kira shi da zancen a sake.