Rijiya Da Dare Take Tara Ruwa

Duk wanda ya yi bazara a Kaura Namoda ko Zurmi ya san halin rijiya idan Afrilu ya kama. Da asuba guga na fitowa da ruwa garau. Kafin azahar sai an ƙara igiya, da la'asar kuwa ruwan ya yi ja, guga na kwaso laka. Babu mai zuba mata ko moɗa ɗaya. Maganinta kawai a ƙyale ta ta kwana, idon ruwa ya yi ta tsattsafowa, dattin ya kwanta, gari na wayewa ta sake kawowa. Ranar da wani ya bi dare yana ja, da safe laka mutanen unguwa za su tarar.

Haka jikin mutum yake da barci, musamman idan ya ba arba'in baya. Saurayi zai raba dare a gidan kallon ƙwallo, da sassafe ya saɓa fartanya ya nufi gona kamar ba a yi ba. Magidanci ɗan hamsin ba shi da wannan rarar. Daren da ya rasa, washegari za a gani a fuskarsa, a faɗan da zai yi wa yara babu dalili, a lissafin da zai ruɗe masa ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi.

Aikin da jiki ke yi cikin dare ba ƙarami ba ne. Bugun zuciya na lafawa, ƙarfin bugawar jini na sauka, shi ya sa mai fama da hawan jini da ba ya samun barci yake kamar ana ba shi magani da dama ana ƙwacewa da hagu. Ƙarancin barci kuma na dagula yadda jiki ke sarrafa suga. Har yasa ake yi. A 2013 masu bincike a Jami'ar Rochester da ke Amurka suka nuna, a gwajin ɓeraye, cewa lokacin barci ne ruwan ƙwaƙwalwa ya fi wanke dattin da ya taru a cikinta. A 2021 kuma aka fitar da sakamakon bibiyar ma'aikatan gwamnati kusan 8,000 a Ingila na tsawon shekara 25: waɗanda suka saba da barcin awa shida ko ƙasa da haka tun suna 'yan hamsin har zuwa saba'in, haɗarin kamuwa da cutar mantuwa ya fi yawa a kansu da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Gaskiya ne barcin dattijo ba shi da nauyi, motsi kaɗan ya farka, kuma yakan riga ladan tashi. Amma buƙatarsa ba ta ragu sosai ba. Likitoci na cewa awa bakwai zuwa takwas. Abin da ke damuna shi ne saurin da muke yi wajen cewa "ai tsufa ne". Inna ta ce idonta biyu har asuba, sai a ce tsufa ne. Baba na tashi fitsari sau huɗu, tsufa ne. Alhali yawan fitsarin dare na iya zama ciwon suga, ko kumburin ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Minsharin da numfashi ke ɗaukewa a cikinsa, mutum ya zabura kamar an shaƙe shi, ciwo ne mai magani, kuma abokin hawan jini ne. Matar da al'ada ke ɗauke mata, zufa da zafin jiki kan hana ta sakat cikin dare, ita kuwa kunya ba za ta bari ta faɗa ba.

A arewacin Zamfara akwai mai jan ruwan dare da ya fi waɗannan duka, wato tsoro. A ƙauyukan Shinkafi da Zurmi, magidanta nawa ne suka shafe shekaru suna kwanan zaune, kunne na sauraren ƙarar babur? Wasu na sintiri, wasu da yamma ta yi sai su kwashi iyali su tafi kwana cikin gari. A bazara ɗakin kwano ba ya kwantuwa, kwanan waje kuma da aka gada ya zama kasada. Lokacin da aka katse layukan waya a jihar a Satumban 2021, iyaye da yawa sun kwanta ba su san halin da 'ya'yansu ke ciki ba. Idan ana lissafin ɓarnar 'yan bindiga, rayuka da shanu da gonaki ake ƙirgawa. Ba a ƙirga dattijon da jininsa ya hau har ya shanye masa ɓarin jiki.

Duk da haka akwai abin da ke hannunmu. Goron bayan la'asar da shayin dare na ɗauke da sinadarin da ke kore barci, kuma bayan awa biyar kusan rabinsa na nan a jini. Hirar bayan isha'i, wadda tun a Sunna ba a so ta ba sai da dalili, yanzu waya ta ƙara mata tsawo. Ƙailula ta rabin awa tana taimakawa, amma idan ta kai la'asar sakaliya daren za ta cinye. Ƙwayar barci irin Valium da ake saya a kemis ba tare da likita ba kuwa, ita ce mafi haɗari ga tsoho: jiri, faɗuwa a hanyar bayi, karayar ƙugu.

Ku da iyayenku ke raye, kada ku tsaya ga "lafiya lau" ɗin gaisuwar safe. Ku zauna ku tambaya: Baba, sau nawa ka tashi jiya? Inna, me ke hana ki barci? Ku karɓe musu gadin dare, ku ɗaura musu gidan sauro, ku rage hayaniya lokacin ƙailularsu. Idan abin ya kai wata guda, ku kai su babban asibitin Kaura, ko na Shinkafi, ko na Zurmi, a auna jini da suga.