Ƙwaron da Ke Shanye Dogon Yaro

Duk wanda ya san Sakkwato da bazara, sa'ad da zafi kan wuce digiri 40, ya san darajar dogon yaro, wanda Kanawa ke kira darbejiya. A gindinsa mai tireda ke kasa kayansa, a nan malami ke karantar da almajirai, a nan manomi ke ɗaure jakinsa ran kasuwa. Amma itacen nan baƙo ne. Asalinsa daga ƙasashen Indiya da Bama yake, a 1928 aka fara dasa shi a Lardin Barno, daga baya ma'aikatan daji suka yaɗa shi Arewa duka. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ita ma dogon yaro ne ke ba ɗalibanta inuwa a mazauninta na Dundaye.

To, baƙon nan yana da abokin gaba, shi ma baƙo daga Asiya. Wani ɗan ƙwaro ne wanda masana ke kira Aonidiella orientalis. A cikin shekarun 1980, bayan babban farin nan, ya yi ɓarna ƙwarai a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, watau arewacin Kamaru da Chadi da gabashin Nijar da Barno. Itatuwa masu yawa suka yi kamar an babbake su da wuta, waɗansu suka mutu. Abin da ya sami Barno kuwa ba abin da zai hana shi samun Sakkwato, gama itace ɗaya ne, fari kuma ɗaya.

Wuyar ƙwaron nan ita ce bai yi kama da ƙwaro ba. Macen ba ta da fiffike, ba ta tafiya. Takan manne a jikin ganye ko ɗanyen reshe, ta rufe kanta da ɗan ɓawo rawaya-rawaya wanda bai wuce ƙwayar gero ba, ta soka bakinta tana tsotson ruwan itacen. Mai wucewa sai ya zaci datti ne. In an sa farce aka kankare, ɓawon ya ɓamɓare, aka ga abu mai taushi a ƙarƙashi, to, shi ne. 'Ya'yanta ne kaɗai ke rarrafe kwanakin farko, iska ta kwashe su zuwa itacen maƙwabta. Tafiya mai nisa kuwa mutum ne ke kai shi, cikin dashen da aka sayo daga wani gari, ko ɗanyen reshen da aka loda a mota. Ba dogon yaro kaɗai yake ci ba, yakan kama lemo da mangwaro da gwanda da gwaiba, don haka masu lambu a bakin Gulbin Rima su ma abin ya shafe su.

Kada a haɗa shi da wata cuta da aka gani a Nijar a 1990, inda ganye ke zubewa sai ɗan tuntu ya rage a ƙarshen reshe. Waccan ba ƙwaro ke kawo ta ba, masu bincike sun fi danganta ta da ƙishirwa da taurin ƙasa.

Ga mai lura da itatuwan makaranta ko ofis ko kasuwa, aikin farko dubawa ne. A riƙa juya ganye ana duba bayansa, musamman da rani. Reshen da ya kamu a sare shi a ƙone nan take, kada a ja shi cikin gari. Itacen da ke bakin hanya, inda ƙafa da mota suka daddale ƙasa, a sassauta masa gindi, a yi masa ɗan gurbi don ruwan sama ya tsaya, gama itace mai ƙishirwa shi ƙwaron ya fi kayarwa. Dashen da za a shigo da shi kuwa a nuna wa malamin daji tukuna.

Feshin magani mutane suka fi gaggawar nema, amma a nan amfaninsa kaɗan ne. Ɓawon yana kare ƙwaron, itacen ya yi tsawo, ga kuma mutane da awaki a ƙarƙashi. Har wa yau maganin yakan kashe waɗansu ƙananan ƙwari da ke cinye shi, da waɗansu masu kama da zanzaro da ke saka ƙwai a jikinsa, alhali su ne ke rage shi kyauta.

Abin da ya fi kamata jami'a ta yi, tun da tana da fili da sashen koyar da ilmin gandun daji, shi ne kada layi ya zama dogon yaro zalla. In ɗaya ya mutu, a maye gurbinsa da maɗaci ko tsamiya ko gawo ko aduwa. Sun fi jinkirin girma, gaskiya ne, tsamiya ma sai mai haƙuri. A dasa su da farkon damina, cikin Yuni ko Yuli in ruwa ya zauna, a kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki.